Kalmata a Dokin Ƙofa

Dokin ƙofar falonmu ya fi na kowane gida tsayi a layinmu, kuma Baba ne ya matsa wa magini sai da aka yi shi haka, wai kada ruwan sama ya shigo ya jiƙa masa littattafai. Shekara da shekaru muna tuntuɓe da shi muna tsaki. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana a keken guragu za a riƙa tsallakar da Baban a wurin, safe da yamma, kuma ni ce mai turawa.

Keke biyu nake tuƙawa a gidan nan, na ɗinki da na Baba. Tun da aurena ya mutu na dawo gida na kafa keken ɗinkina a baranda, mata na kawo min yadi ina ɗinka musu, ni da Baba muna zaman lafiyarmu. Sai ga shi wata safiya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun muna asibiti aka fara ja-in-ja a kan wa zai riƙe shi. Ƙanwata Auta, wadda ke aiki a wani babban ofis a gari mai nisa, ta ce a ba ta shi, gidanta na kusa da asibitin ƙwararru. Na ce sai dai bayan raina. Baffa, ƙanin Baba, shi ne babbanmu yanzu, ya ce a bar shi a ɗakinsa a hannuna tukuna, a ga abin da hali zai yi. Wannan "tukuna" ɗin ta tsaya min a wuya, don na san Auta, ba ta ajiye magana, sai dai ta jingine ta.

Ciwon ya yi mana wani mugun wasa. Baba malamin Turanci ne, abin da ya koyar ke nan har ya yi ritaya. Da bakinsa ya fara buɗewa sai aka ga Hausa ta tafi, Turanci ne ya rage. Likita ya ce ana samun haka, wani harshen yakan riga wani dawowa, sai haƙuri. Na ce, "Likita, to ita ƙwaƙwalwar ba ta san wa ke ba shi abinci a baki ba ne?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ni Turancina bai wuce na gaisuwa da na awon kafaɗa ba. Ban yi nisa a sakandare ba Inna ta kwanta ciwon da bai bar ta ba, aka ce babbar 'ya ta zauna ta kula da gida, na zauna. Auta kuwa tun tana rarrafe Baba ke ɗura mata Turanci. Yana da wata ɗabi'a: ana tsakiyar cin abinci sai ya ɗaga cokali ya kama kalma ɗaya, ya ce ga ma'anarta, ga inda ta samo asali, ga yadda ake sa ta a magana. Auta ta zabga tagumi tana saurare, ni ina kwashe kwanuka. Ban taɓa cewa uffan ba. Amma an ce kishi kumallon mata, kuma wanda ya faɗa bai ce sai a kan miji ba.

In ban da wanka, da wani ma'aikacin jinya ke zuwa ya yi masa, komai ni ce. Abinci, magani, yankan farce, juya shi a gado kada bayansa ya yi gyambo. Rigunansa duk na farke su na sa musu zif a gefe, don kada a riƙa murɗa masa hannun da ya mutu. Da farko yakan yi min magana, ya jero Turanci yana kallona, in ce, "To, Baba," in miƙo masa ruwa, alhali ƙila matashi yake so a gyara masa. Har jimla guda na taɓa haddacewa a wurin wata malamar makaranta da nake yi wa ɗinki, ta tambayar ko ya yi barci lafiya. Na shigo da ƙarfina na zuba masa ita. Fuskarsa ta washe, ya kwararo min amsa doguwa, ni kuwa na tsaya ina wangale baki. Ya duba ya ga babu kowa a gidan, sai ya juya kai wajen bango. Daga nan ya koma nuni da hannun hagu.

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar kekena. Amma bari wayar Auta ta shigo, in kara masa a kunne, sai ka ji mutum ya warware kamar ba shi ba. Ni ce ke riƙe wayar har hannuna ya yi tsami. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata safiya zan fitar da shi baranda ya sha hantsi. Yadda aka koya min a asibiti, da baya ake sauko da keken daga dokin ƙofa, a hankali. Ranar hankalina na kan wata riga da na yanka ba daidai ba, na tura shi ta gaba. Ƙananan tayoyin suka faɗa ƙasa, keken ya yi wata irin jijjiga, hular Baba ta karkace. Kafin in ce sannu ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Jolt."

A hankali ya faɗe ta, da yatsa ɗaya a sama, kamar yadda yake yi wa ɗalibai. Sannan ɓarin bakinsa mai rai ya yi murmushi.

Na ce, "Na'am, Baba?"

Ya bugi hannun keken, ya ɗan zabura da kafaɗa, ya sake cewa, "Jolt."

Wato koya min yake yi. Ni fa! Sai da na shiga kicin na goge idona da bakin zane.

Da yamma malamar nan ta zo karɓar ɗinkinta, na tambaye ta kamar ba komai ba, ina cizon zare. Ta ce ai girgiza ce ta farat ɗaya, irin wadda mota ke yi in ta faɗa rami ba shiri. Ta ce a ina na ji ta? Na ce a rediyo. Auta na nan a waya, da na tambaye ta da ta faɗa min har da ƙari, amma gara in mutu da jahilcina.

Washegari da gangan na yi. Ba ɓoyewa nake ba, kuma ba neman afuwar kowa nake ba. Na dafe kafaɗarsa da hannu ɗaya, na ɗan saki keken, ya faɗi kalmar, na ce, "Jolt, Baba." Ya yi dariyar nan tasa da ta koma kamar tari. Daga nan ta zama gaisuwarmu. Na san daidai yadda zan sake shi ya girgiza ba tare da ya ji ciwo ba, hannun tela ai ba ya wuce awo. In muka doso ƙofar ma yakan gyara zama ya riƙe hularsa. Wata rana na manta na sauko da shi da baya, lafiya lau, mutumin nan ya ɗaure fuska ya ƙi shan shayi, sai da na mayar da shi falo muka sake fitowa.

Kalma ɗaya ce tal, na sani. Auta na da ƙamus guda a kanta. Amma wannan ba ta biyo ta waya ba, ba ta biyo ta bakin kowa ba, kuma ban gaya wa kowa ba.

Ana nan sai ga Auta ta ɗauki hutu ta zo, da akwati mai taya da ƙamshin turare. Ba zan yi mata ƙazafi ba, yarinyar na son ubanta. Ta durƙusa gaban keken ta kifa kai a cinyarsa tana kuka, shi kuma yana shafa kanta yana zuba Turanci. Ni ina tsaye da tire. Daga ranar na zama mai kawo shayi. Su zauna a baranda gefen kekena suna hira suna dariya, in na taka keken Auta ta ce, "Yaya, don Allah ɗan dakata, ba na jin abin da yake cewa." A gidan ubana, a kan sana'ata! Matan da ke zuwa awo kuwa sai su saki baki suna kallo, wai ashe malam ya samu sauƙi haka, wai lallai 'yar nan hannunta na da albarka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kirkinta. Ta riƙa juyowa tana fassara min ba tare da na roƙe ta ba. "Yaya, ya ce shayin ya yi daɗi." "Yaya, ya ce rana ta fara zafi." Na ce na gode, tafinta, Allah ya ƙara ilimi.

Tun da ta zo nake sauko da shi da baya, don ba na son ta ji. Sai Baba da kansa ya tona mana asiri. Mun doso ƙofa na juya keken, ya riƙe hularsa, ya bugi hannun keken da ƙarfi, ya ce, "Jolt."

Auta ta taso da sauri ta tambaye shi wani abu da Turanci. Shi ke nan, an sosa wa malam inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ɗaga yatsan nan ya fara. Maganar na fita a karye, yana tsayawa yana laluben kalma, Auta na miƙa masa, yana karɓa yana ci gaba. Ni ina riƙe da keken a bakin ƙofa, ba shiga ba fita, ina jin kalmata na yawo a tsakaninsu, ta fito daga bakinsa ta faɗa nata.

Ta juyo, idonta na ƙyalli. "Yaya, ki ji abin mamaki, wallahi komai na nan a kansa! Ya ce kalmar ta yi ɗaruruwan shekaru a Turanci, kuma har yau masana ba su tabbatar da asalinta ba. Wasu sun ce daga wata tsohuwar kalma ta fito mai nufin a buga wa mutum abu, wasu sun ce daga wata mai nufin a bangaje shi. Ya ce tun zamanin keken doki ake faɗarta, in taya ta hau dutse fasinja ya yi sama ya dawo."

Na ce, "Allah Sarki."

"Bai gama ba. Ya ce ba a hanya kaɗai ba. In lantarki ya ja ka, ita ce. In kana gyangyaɗi aka buga ƙofa ka zabura, ita ce. Har labarin da ya zo maka ba shiri ya kaɗa maka hanjin ciki, da ita ake faɗa. Sharaɗinta dai ta zo farat ɗaya ta wuce."

"To, ya ce wani abu game da mai tura keken?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Yaya, ke dai ba ki rabo da barkwanci."

Ni da na samu kalma ɗaya ina lallaɓa ta wata da watanni, ita a zama ɗaya ta samu kalmar da uwarta da kakarta. Na kai shi baranda, na shiga kicin na sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Yinin ranar kuwa sai da ta tsufar da kalmar. Wuta ta dawo firij ya zabura, ta faɗe ta, Baba ya gyaɗa kai. Iska ta bugo ƙofa ni na firgita na soke yatsa da allura, ta faɗe ta, suka yi dariya. Na taka kekena teburin na rawa, ta nuna shi ta sake faɗa, nan Baba ya girgiza kai ya ba ta wata kalma daban. "Yaya, ya ce ta kekenki ba ita ba ce, taki kaɗawa ce mai ci gaba, da sunanta daban." Na ce madalla, yau har kekena ya shiga aji, saura ni.

Uwar iyayi ba ta tsaya nan ba. Ta je ta ƙare wa dokin ƙofar kallo, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Ashe shi ya sa kalmar ke bakinsa. Bawan Allah, kullum sai ya sha jijjiga a nan. Haba Yaya, ai da kin faɗa min." In ce mata me? In ce so yake a jijjiga shi? Washegari ta kawo kafinta. Ni ko kallon aikin ban yi ba, na juya kekena na ba su baya, ina jin ƙarar zarto da guduma a ƙeyata. Kafin rana ta yi tsaka ya haɗa wani gangaren katako mai faɗi ya ɗora a wurin. Auta ta turo Baba da hannu ɗaya, keken ya sulalo ba ko motsi. Ta tafa hannu. Baba ya ce wani abu, ta ce ya ce aiki ya yi kyau.

Daga ranar ya daina ce min komai. Mu doso ƙofa ya kai hannu ga hularsa, keken ya sulale, ya sauke hannun. Bayan 'yan kwanaki ko hannun ya daina kaiwa.

Da hutunta ya kusa ƙarewa ta ɗauko maganar da ta jingine. Muna kicin, ina wanke kofuna tana taya ni gogewa.

"Yaya, ki dubi Allah ki bar ni in tafi da shi. Kin ga yadda bakinsa ya saki a 'yan kwanakin nan. Likita ya ce in yana samun mai yi masa hira, har Hausar tana iya dawowa. A nan wa zai yi hira da shi?"

Wa zai yi hira da shi. Da murya mai sanyi ta faɗa, ba ta ma san ta soke ni ba.

Na ce, "Kin san ta wane hannu ake fara sa masa riga? Kin san abin da ake yi in ya ƙi haɗiye magani?"

"Zan koya, Yaya. Ke ma koya kika yi."

"To ni ma zan koyi Turancin."

Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe. Wannan shirun nata ya fi min maganar ciwo.

Ta kira Baffa. Ni ma na kira shi a bayan idonta. Ya ce in kwantar da hankalina, shi bai ga dalilin raba tsoho da ɗakinsa ba, tunda duk wanda ya zo dubiya sai ya yabi yadda nake riƙe da shi. Ya ce gobe yana tafe, zai gan mu ya yanke magana. Wato nasara na hannuna, abin da ya rage kawai in kama bakina in dafa abinci mai daɗi.

Da safe Auta ta fita taryar Baffa a tasha. Na shirya Baba tsaf, na sa masa farar rigarsa mai zif, na gyara masa hula. Gidan daga ni sai shi, kamar da. Muka doso ƙofa, na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Tun da gari ya waye bai dube ni ba, idonsa na kan ƙofar gida yana jiran ta dawo. Na ce a raina, ko Baffa ya bar min shi, gangar jiki zai bar min, maganar kuwa ta bi Auta ta koma cikin waya.

Na danne birkin keken, na raɓa ta gefe na fita, na ciccibi katakon nan, nauyi kamar me, na jingine shi da bango. Na ga ɓaraguzan siminti a inda ya tashi, ban kawo komai a raina ba. Baba ya bi ni da kallo har na dawo bayansa. Wallahi tallahi sai ya kai hannu ya riƙe hularsa. Wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Na cire birkin, na dafe kafaɗarsa, na saki keken yadda na saba.

Ashe kafintan nan ya fasa simintin baranda a gindin dokin, ya yi rami don katakonsa ya zauna daram. Tayoyin gaba suka faɗa ciki suka cake, keken ya tuntsura, Baba ya suɓuce daga hannuna. Na cafko rigarsa, amma goshinsa ya riga ya daki ƙafar teburin ɗinkina. Bai faɗi kalmar ba. Wani nishi ya yi, irin wanda ban ji ba tun ranar da ya faɗi a banɗaki.

"Subhanallahi!" Muryar Baffa ce daga ƙofar gida. Auta na bayansa riƙe da jakarsa.

Mu uku muka ɗaga shi muka kai gado. Ciwon bai yi zurfi ba, fata ce ta fashe, amma goshi akwai jini, farar rigar duk ta ɓaci. Auta ta danne wurin da mayafinta, ni na kawo ruwan ɗumi da filasta. Sai da jinin ya tsaya Baffa ya fita baranda, ya tsaya yana kallon katakon da ke jingine da bango. Ya kira mu.

"Wa ya cire wannan?"

"Ni ce, Baffa."

"Don me?"

In na ce shara zan yi an wuce wurin, ga tsintsiya nan a kusa. Ina shirin faɗa ke nan Auta ta riga ni. "Ƙila shara za ta yi, Baffa. Ai ƙura na taruwa a ƙarƙashi."

Kun ji fa! Har ƙaryar da zan kare kaina da ita sai ta biyo ta bakinta. Nan na fashe.

"Ba shara ba ce! Da gangan na cire, da gangan na sake shi, kuma na daɗe ina yi! Don ya yi min magana! Ita tana da dubu, ni ɗaya ce da ni, ɗayar ma ta zo ta sa an rufe min ita da katako!"

Baffa ya cire hula ya shafa kai. Can ya ce, "Kin daɗe kina yi."

"Yana so, Baffa. A tambaye shi."

Muka koma ɗakin. Auta ta sunkuya ta yi masa magana a hankali. Baba ya rufe ido, jikinsa na ɓari, bai amsa mata ba. Ranar da nake bukatar Turancinsa ya yi min rana, ranar ya ga damar yin shiru.

Baffa ya ja ni gefe. "'Yata, ba na zargin ki da mugunta. Gajiya ce. Kin ɗauki kayan da ya fi ƙarfinki ke kaɗai, mu kuma muka zura miki ido. Ki huta. Auta ta tafi da shi."

Gajiya! Ko muguwa bai ce min ba, balle in samu abin yin faɗa a kai. Na ce to, Baffa. Me ya rage?

Ni na haɗa kayan, ban yarda ta taɓa ba. Na jera rigunan, na nuna mata zif ɗin, na ce hannun da ya mutu ake fara sawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Na ce in ya ƙi magani kada ta matsa masa, ta juya baya kamar ta manta, da kansa zai yi gyaran murya. Tana ta cewa to Yaya, to Yaya. Har cewa ta yi in biyo su, akwai ɗaki. Na ce in je in yi me, in riƙe muku tire?

Ranar tafiya motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Direba da Baffa suka ɗaga shi suka zaunar a kujerar baya. Na sunkuya in sa masa matashi a ƙarƙashin hannun dama, don in aka bar shi yana lilo kafaɗar kan yi ciwo. Sai na ji ya damƙe min wuyan hannu da hagunsa. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

Ya dube ni, da filasta a goshi, ya fara magana. Magana doguwa, da Turanci, yana tsayawa yana lalube. Auta ta matso za ta miƙa masa kalma, ya girgiza kai, ya ci gaba da nema da kansa har ya samo. Idonsa na kaina tun daga farko har ƙarshe. Ko ɗaya ban tsinta ba. Ban san ko godiya ce ba, ko faɗa ne, ko ban haƙuri, ko cewa yake kada a tafi da shi.

Da ya yi shiru na ɗago. Auta ta toshe baki da mayafi hawaye na zuba, kuma a fuskarta na ga wani abu da na sani sarai, don ciwona ne. Yarinyar kishi take yi da ni. Ta ce, "Yaya, cewa ya yi..."

"Rufe min baki."

"Haba Yaya, ki bari ki ji..."

"Na ce ki rufe min baki! Da ni ya yi, ba da ke ba."

Baffa ya ce, "Ke 'yar nan, wace irin zuciya ce da ke?" Na zare hannuna a hankali, na ɗora na Baba a kan cinyarsa, na rufe ƙofar motar da kaina.

Kullum da yamma Auta na kira. Ta ce ya ci abinci, ya yi barci, likita ya yaba. Sai mu yi shiru, ina jin numfashinta tana jin nawa, ina jira ta faɗa ba tare da na tambaya ba. Ita kuwa 'yar banzar, duk rashin jin maganarta, a wannan kaɗai ta ga damar yi min biyayya.